Ranar da Aka Kori Direban Kanar

Ku ajiye wayoyin nan ku saurara. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ce, da rana tsaka ya faru, a Challawa, kuma yawancin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu. Na ji ku kuna cewa aikina shara ce kawai, wai wa ya kasa shara. Na kuma ji masu karatun kwamfuta a cikinku suna cewa nasu aikin danna maɓalli ne, ƙit, an gama. Ni ban taɓa shiga aji ba. Bakina ke faɗa, hannun wani ke rubutawa. Amma na tsufa ina share ɗakin da manyan injunan nan suke zaune, kuma kunnena a buɗe yake duk tsawon shekarun.

Sharata ta farko a Bompai na yi ta, a wata masaƙa, ƙarƙashin Mama Rifkatu, mutuniyar Kafanchan, doguwa mai ɗaurin kallabi kamar za ta yaƙi. Ranar farko ba ta ba ni tsintsiya ba. Ta tsayar da ni gaban inji ta ce, "Hajara, kalle shi har ki gane inda yake cizo." Na yini a tsaye. Da yamma ta ce, "Ina yake cizo?" Na ce, "Ko'ina." Ta ce, "Gobe ki zo da tsintsiya." Wannan shi ne karatuna, kuma da shi na ci abinci. Masaƙar ta rufe, na koma Sharada kamfanin sabulu, shi ma ya rufe, na gangara Challawa inda ake yin bokitai da butoci da kujerun roba. A can aka lura ni ba na taɓa abin da ba a ce in taɓa ba, sai aka ba ni ɗakin sanyi, inda manyan kwamfutocin kamfani suke.

Sharar ɗakin sanyi ba a yin ta da tsintsiya. Tsintsiya tayar da ƙura take yi, injunan kuma shaƙa suke yi kamar mutum. Ba a shiga da ruwa, ko tsumma mai danshi. Kayan aikina injin zuƙe ƙura ne mai dogon hanci, da burushi mai laushi kamar gashin jinjiri, da tsumma busasshe wanda ba ya zubar da zare. Takalmi a ƙofa ake barinsa. Awarwaro a cire. Mayafi a naɗe shi tamau, don gefen mayafi ya fi hannu iya fizgo waya. Kafin ki taɓa jikin akwati, ki fara dafa ƙarfen bango. Ana tsakiyar zafin bazara, mutane na narkewa a waje, ni ina ciki da rigar sanyi ina atishawa. Wayar da ta faɗo ƙasa ba a mayar da ita, ba a kuma ture ta, sai a tsaya a kira mai ɗaki.

Mai ɗakin shi ne Injiniya Bulus, ɗan Pankshin, mutum mai magana da inji fiye da yadda yake magana da mutane. Idan ya sa abin ji a kunne ya fuskanci allo, ko gobara ta tashi sai dai ya ji labari.

Aikin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na shekarar wahala, shekarar da wuta ta zama baƙuwa, dizal ya zama abin lallaɓawa, kamfanoni suna ta sa kwaɗo a ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Da can injuna jere suke a ɗakin, kowanne da aikinsa: na sikelin da ake auna motoci, na sito, na ofishin akanta, na ƙofa. Duk suna cin wuta, duk suna son sanyi. Sai aka ce janareto ba zai iya ɗaukarsu ba. Bulus ya kashe su, ya kawo guda ɗaya babba, ya ce duk sun koma cikinsa.

Na ce, "Ɗana, a ina suka zauna? Ban ga an shiga da su ba."

Ya ce, "Iya, kun san gidan haya?"

Na ce, "A cikinsa na yi goyon 'ya'yana duka."

Ya ce, "To wannan gidan haya ne. Sikeli na da ɗaki, sito na da ɗaki, akanta na da ɗaki. Kowane ɗan haya yana zaton shi kaɗai ne a gidan, har yana jin shi ya gina shi."

Na ce, "Na zauna da irinsu."

Ya ce mai gidan, wanda yake raba musu wuri da lokaci yana hana su faɗa, sunansa kanal. Na ce soja ne? Ya yi dariya ya ce a'a, sunan ne kawai ya zo ɗaya, shi wannan cibiyar injin ce. Sai ya nuna mini wani ɗan faranti a bayan akwatin, inda waya shuɗiya take shiga, ya ce wannan shi ne katin netwok, zauren gidan ke nan, duk saƙon da zai shiga ko ya fita ta nan zai bi. Kati kuma ba ya jin yaren kowa sai na wani da ake kira direba. Direban nan ba mutum ba ne, rubutu ne, yana zaune a jikin kanal, shi ke gaya wa kati ɗauki wannan, sauke wancan.

A da, in ji Bulus, ɗan haya idan yana da saƙo sai ya miƙa wa mai gida, mai gida ya miƙa wa direba, direba ya kai zaure. Idan saƙonni suka yi yawa mai gida ya gaji, layi ya yi tsawo. Amma wannan katin na zamani ne, yana iya tsaga kansa. Zaure ɗaya sai ya zama ƙananan ƙofofi, kowane ɗan haya da tasa, ya fita ya shigo bai tashi mai gida ba. Direban nan shi ke yanka ƙofofin, ya ba kowacce lambarta, ya kuma tsare kada na sito ya leƙa saƙon akanta. Na ce, "Ashe direban nan shi ne gidan." Ya ce, "Iya, ranar da ya yi fushi za ku gani."

Ya kuwa yi fushi. An sabunta kanal wani mako, daga nan tsohon direba ya daina jituwa da shi. Da safe lafiya lau. Da zarar motoci sun yi yawa a sikeli, saƙonni sun cunkushe, sai ƙofofin su rufe gaba ɗaya. Fitilun nan kore masu ƙyaftawa su tsaya cak. Sikeli ba ya magana da sito, sito ba ya magana da ƙofa, mota ba ta fita. Tireloli daga Maraɗi da Damagaram suka yi layi har bakin titi, 'yan kasuwa suna zaune a kan bokitan da suka saya suna zagin kamfani da yare biyu.

Yanzu ku riƙe wannan da kyau. Mai kamfanin namu tsohon soja ne, ya yi ritaya da muƙamin Kanar, kowa kuma Kanar yake ce masa, wasu su ce Kanal, duk ɗaya ne a bakin mutanenmu. Kanar yana da direba, Malam Ilu, mutumin ƙasar Gumel mazaunin Dorayi, dattijo mai furfura wanda ya tuƙa shi tun yana cikin kaki. Malam Ilu yana da wata ɗabi'a. Idan ya sauke Kanar, sai ya zo ya shimfiɗa ɗan buzunsa a bakin ƙofar ɗakin sanyi, saboda iskar da ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, ya sa wayarsa a caji a bango, ya ja carbi. A makon nan kuma Kanar ya yi masa faɗa a gaban mutane don ya faɗa rami a hanyar Panshekara.

Ina durƙushe ina goge ƙasan akwati, sai ga Manaja, Alhaji Garzali. Shi ba ya shiga ɗakin sanyi, yana cewa yana tayar masa da mura. Ya tsaya a ƙofa ya ɗaga murya.

"Bulus! Mutane za su cinye ni a waje. Mene ne?"

Bulus bai juyo ba. Ya ce, "Direba ne, ranka ya daɗe."

"Wane direba?"

"Na kanal."

Manaja ya dubi buzun da ke bakin ƙofa. Ya ce, "Ka tabbata?"

"Na kama shi. Tun makon jiya ba sa jituwa da kanal. Da ya ga motoci sun taru sai ya rufe ƙofofi."

"Shi da kansa?"

"Shi da kansa. Ya tsufa ne, ranka ya daɗe. Dole a canza shi."

Manaja ya ce, "Inna lillahi." Ya juya, ya tsallake buzun Malam Ilu, ya wuce.

Ni kunnena ya saba da yaren ɗakin, na ji magana daidai, na ci gaba da gogata. Bulus ya mayar da abin jinsa kunne.

Washegari da safe na tarar babu buzu a bakin ƙofa. Da azahar Bulus ya sauko da sabon direba daga intanet ya ɗora, ya tayar da inji. Fitilu suka koma ƙyaftawa, ƙofofi suka buɗe, tireloli suka fara fita suna hon. Murna ta cika kamfani. Da na fita cin abinci wurin mai ɗanwake, sai na ji masu gadi suna hira.

Ɗaya ya ce, "Kun gani? Da safe aka karɓe makullin, da azahar ta gyaru."

Ɗayan ya ce, "Ni dama carbin nan nasa ban yarda da shi ba. Kullum a bakin ƙofar, yana motsa baki."

"Ba carbi ba ne, cajar ce. Ta caja yake tura abin."

Na ce, "Makullin wa aka karɓe?"

Suka ce, "Iya, ke da kike ciki ba ki sani ba? Direban Kanar. Injiniya ne ya kama shi dumu-dumu."

Na bar ɗanwakena na koma. Na tsaya gaban Bulus har ya cire abin kunnensa. Na ce, "Ɗana, an kori direban Kanar."

Ya ce, "Ai ni na cire shi, Iya. Kun ga yadda ta gyaru?"

Na ce, "Mai furfurar nake nufi. Mai 'ya'ya a Dorayi."

Ya dube ni. Ya fara dariya, har ya riƙe ciki, sai ya gane, dariyar ta yanke. Ya miƙe ya fita ba takalmi.

Na bi shi da takalman a hannu har ofishin Manaja. Bulus ya yi bayani, ya kawo gidan haya, ya kawo zaure, ya rantse da abin da yake rantsuwa da shi. Manaja ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Bulus, ni ba yaro ba ne, na san akwai direba na kwamfuta. Amma ka amsa mini. Jiya kai ka ce direban Kanar?"

"Kanal na ce."

"To me na ce? Na sallame shi da safe?"

"Ka sallame shi."

"Ta gyaru da azahar?"

"Ta gyaru, amma..."

"To ni in je in ce wa Kanar me? In dawo da shi ta sake lalacewa, kai za ka tare mutanen Maraɗi?"

Bayan kwana biyu maganar ta kai kunnen Kanar. Ya iso kamfani rai a ɓace, don a kwanakin nan wani direban tirela aka ara masa, mutumin da yake tuƙa ƙaramar mota kamar yana jan kaya, yana buɗe kwana tun daga wancan layin, yana danna hon ko akuya ya gani. Kanar ya ce shi soja ne, ba ya aiki da ka-ce-na-ce, a nuna masa. Bulus ya ce hanya ɗaya ce: ya mayar da tsohon direba a gaban idonsa, Malam Ilu yana can nesa, a ga abin da zai faru. Manaja ya ce motoci fa sun cika sikeli. Bulus ya ce ai shi ya sa.

Kanar ya nufi ɗakin sanyi. Na ce, "Ranka ya daɗe, takalmi." Ya cire. Na ce, "Babbar rigar ma, hannunta zai ja waya." Ya dube ni kamar zai sa a ɗaure ni, sannan ya tuɓe ya miƙa wa Manaja, wanda ya tsaya a ƙofa rungume da ita. Kanar ya ɗauki waya ya kira Malam Ilu, ya buɗe murya kowa na ji.

"Ilu, kana ina?"

"Ina gida, ranka ya daɗe, a Dorayi."

"Me ke hannunka?"

"Kofin koko."

"Ajiye shi. Kada ka taɓa komai. Kada ka ja carbi. Cajarka tana ina?"

"Tana aljihu."

"Fito da ita ka ba matarka."

Bulus ya mayar da tsohon direba. Muka tsaya muna kallon fitilu. Ba a jima ba suka tsaya cak, daga waje muka ji ihun mai sikeli. Bulus ya ɗora sabo, suka dawo. Kanar ya ce, "Sake." Aka sake. Ya ce, "Sake." Kamar yana fareti. Mutanen Maraɗi a waje sun rasa ko su yi murna ko su yi zagi, don kafin su gama ɗaya ɗayan ya zo.

Can Kanar ya sunkuya ya leƙa akwatin. Ya ce, "Wannan kanal ɗin naku, wa ya ba shi muƙami?"

Bulus ya ce, "Da shi aka haife shi, ranka ya daɗe."

"Wa ke sama da shi?"

"Babu kowa. Sai wutar lantarki."

Kanar ya gyaɗa kai ya ce, "A garin nan dukkanmu haka muke." Sai ya tuna wayar tana hannunsa. "Ilu, kana nan?"

"Ina nan, ranka ya daɗe. Ban motsa ba. Kokon ya huce."

"Hau Adaidaita ka zo ka karɓi makullinka. Garzali zai tare ka a ƙofa ya ba ka haƙuri da bakinsa."

Da la'asar Malam Ilu ya iso cikin farar rigarsa ta Juma'a. Manaja ya ba shi haƙuri, masu gadi suka ce su dama sun san ba zai aikata ba. Ya karɓi makulli ya sa a aljihu. Maimakon ya nufi mota, sai ya nufo ɗakin sanyi, ya cire takalminsa tun ban faɗa ba, ya ce, "Injiniya, ina so in ga mutumin."

Bulus ya ce, "Baba, ba mutum ba ne, rubutu ne."

"Na ji. Nuna mini shi."

Bulus ya nuna masa wani ɗan layi a kan allo, baƙaƙe da lambobi. Malam Ilu ya sa tabarau ya daɗe yana kallo.

"Ya daɗe yana aiki a nan?"

"Tun da aka kawo injin."

"Ya taɓa ɓatar da saƙo kafin wannan?"

"Ko sau ɗaya."

"To me ya same shi?"

"An canza masa kanal ne, Baba. Sabon yana ba da umarni da wani salo, shi kuma bai saba ba. Da kaya suka yi yawa sai ya rikice."

Malam Ilu ya ce, "Uhm." Ya matsa kusa da allon, ya rage murya yadda babba yake yi wa ƙarami a tasha. Ya ce, "Ɗan'uwa, ba a rufe ƙofa don an ji haushin mai gida. Tsayawa ake yi a gefe a huce." Sannan ya juyo. "Yanzu me za ka yi da shi?"

Bulus ya ce, "Gogewa zan yi. Ba shi da sauran amfani."

Malam Ilu ya riƙe masa hannu. "Kada ka goge shi."

"Baba, ba ya ji, ba ya gani."

"Ni ma haka aka ɗauka shekaranjiya. Gidan nan naku ba shi da ɗan lungu?"

Bulus ya dube ni, na dubi bango. Ya buɗe wani wuri a cikin injin, ya tura tsohon direba ciki, ya ce ga shi nan, ba mai taɓa shi. Malam Ilu ya ce a rubuta masa suna a ƙofa don kada wani ya zo ya share shi da sunan shara. Nan kam na ce, "Malam, ni ba na taɓa abin da ba a ce in taɓa ba."

Daga waje Kanar ya danna hon da kansa. Malam Ilu ya sa takalminsa a natse, ya leƙo ta ƙofa ya ce wa allon, "Sai da safe, abokin aiki." Har ranar da na ajiye burushina na bar Challawa, tsohon direban yana nan a lungunsa, ba ya aiki, ba a kuma kore shi ba.